Gudummawar da Na Ba Ƙanena

'Ya'yana direbobi masu tasowa, ku zo kusa. Ba malami ba ne ni, a aji uku na sakandare na ajiye biro. Amma kafin in lalace mutumin kirki ne. Ɗan kamasho nake a tashar Wudil, kuma da yake ina ɗan karanta Turanci, direbobi ni suke ba takardun motarsu in je Kano in sabunta musu.

Wata rana na taɓa kuɗin inshorar wani direba, da niyyar in mayar. Ban mayar ba. Wani mai shagon kwamfuta ya ce kada in damu, ya buga mini takarda har da tambari. Direban ya yi ta wuce shingen 'yan sanda da ita lafiya lau. Daga nan na daina zuwa kamfani. Direbobinmu ma sun sauƙaƙa mini, don su a wurinsu inshora takardar nuna wa ɗan sanda ce kawai. Kowa cewa yake, "A yi mini mai araha."

Ina da ƙane, Habu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goya shi, ni na koya masa iyo a kogi. Ya sayar da gonarsa ta gado a Darki ya sayi ƙaramar bas. Ranar da ya kawo ta ya ce, "Yaya, inshora ta gaske nake so, ka san ba ni da wani abu bayan motar nan." Na ce, "Kai yaro, bar wannan a hannuna, gudummawata ce." Na kawo masa ta bogi. Har addu'a ya yi mini.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, saniya ta ƙwace daga kara, wato kasuwar shanu, ta faɗo titi. Habu ya kauce mata, ya daki wata mota da ke tsaye, ya karya ƙafar wani dattijo mai sayar da kifi. Habu ya fito yana ba mutane haƙuri: "Baba, kada ka damu, ina da inshora, za a biya asibiti." Da gaskiyarsa. Aikinta ke nan, in ta gaske ce. Amma da 'yan sanda suka duba lambar motar a waya, babu inshorar babu dalilinta.

Suka tsare shi, suka tambaye shi wa ya ba shi takardar. Ya ce a bakin titi ya saya, bai san mutumin ba. Ni kuwa, babban yaya, na gudu ƙauyen Achika na ɓuya. Can saƙon Inna, mahaifiyarmu, ya same ni: "Ka ci, ka bar ƙaramin yana wanke kwano." Na dawo na miƙa kaina. Da labari ya bazu, direbobin da na cuta suka yi ta zuwa da takardunsu. Alƙali ya tura ni gidan yari, kuma bai zalunce ni ba.

Ɗaurina bai gyara ƙafar kowa ba. An sayar da bas ɗin aka biya asibiti da gyaran motar mutane. Ba gona, ba mota. Duk da haka Habu bai fasa ziyartata ba. Na taɓa ce masa ya zage ni ko na samu sauƙi. Ya ce, "In na zage ka, Yaya, wa na zaga?"

Na fito da furfura. Waɗanda muka ci tare ko gaisuwata ba sa amsawa, oho dai. Na tuba, Allah Ya yafe mini. Yanzu dako nake a kasuwa, Habu kuma yana tuƙa motar wani, yana kai wa mai ita balas kullum yamma.

To ku ji. Ƙaramar inshora, wadda doka ta wajabta, tana biya wa wanda ka ɓata wa mota ko ka ji wa rauni. Babbar tana haɗawa da taka motar, ko gobara ce ko sata. Mai shakka ta fuskar addini ya nemi takaful, wato inshorar Musulunci. Allah ne mai tsarewa, amma bai ce ka bar dattijo da karyayyar ƙafa ba. Ka taka da ƙafarka zuwa kamfani mai rajista, ka duba lambar motarka a waya kafin ka tayar da ita. In wani ya ce ka bar wannan a hannunsa, kada ka bari, ko da shi ya goya ka.