Malam Da'u Toranke da Waƙoƙin Noman Mahaifinsa

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Da'u Ɗanladi a garin Toranke, wanda a yau yake cikin ƙaramar hukumar Ajingi, a daminar shekarar 1954. Mahaifinsa shi ne Ɗanladi Mai Ganga, mahaifiyarsa kuwa Malama Gaji, 'yar wani manomin gyaɗa daga Kademi. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne namijin da Allah ya raya har ya mallaki hankalin kansa.

Ɗanladi manomi ne kamar kowa a garin, amma abin da aka san shi da shi daga Toranke har Gaya shi ne waƙar gayya. A wancan zamani, idan noma ya fi ƙarfin magidanci sai ya kira gayya, samari su jeru a gonarsa da fartanyoyi, Ɗanladi yana gabansu rataye da gangar noma, yana kiɗa yana waƙa yana ja da baya, su kuma suna bin sa a duƙe. Dattawan da suka ga lokacin sun ce mutum arba'in kan sari ƙasa tare a ji sara ɗaya, kuma gonar da za ta ci mako guda sai a tashe ta kafin azahar.

Neman Ilimi

Yana da shekara biyar aka sa shi makarantar allo a unguwarsu. A shekarar 1962, da aka nemi yara domin makarantar boko, mahaifinsa ya miƙa shi ba tare da wata jayayya ba, saboda tun a lokacin an gane cewa Da'u da fartanya ba sa ga maciji. Idan aka je gona shi ne mai ciwon ciki, shi ne kuma mai neman a aike shi ɗebo ruwa. Ya kammala firamare a Gaya a 1969, ya wuce kwalejin horon malamai, inda ya fito a 1974 da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu. A can ne ya haɗu da nahawun Hausa da ƙa'idojin rubutunta, ya kuwa kamu da son su irin son da ba ya jin shawara.

Aikin Koyarwa

Ya fara koyarwa a Kademi a shekarar da ya gama kwaleji, daga baya aka mayar da shi Gaya, sannan Ajingi, inda ya yi mafi yawan shekarun aikinsa har ya kai matsayin shugaban makaranta. Malami ne mai himma da tsare lokaci, ba a taɓa jin ya ci haƙƙin ɗalibi ba. Sai dai Allah ya jarrabe shi da rashin haƙuri a kan kuskuren harshe, har ɗalibansa suka laƙaba masa suna Jan Biro. Yakan karɓi wasiƙar aboki ya mayar masa da ita da gyare-gyare kafin ya ba shi amsa, kuma an tabbatar cewa ya taɓa tsayar da direban motar Kano a tashar Ajingi domin ya nuna masa inda mai zane ya haɗe kalmomi biyu a bayan motar. Idan aka sa shi alƙalancin gasar waƙa tsakanin makarantu, duk yaron da ya datse kalma domin baiti ya daidaita ya san makinsa ya tafi.

Aure da Iyali

A shekarar 1977 ya auri Adama, 'yar Malam Tukur mai sayar da hatsi a kasuwar Ajingi, suka zauna tare shekara arba'in da shida cikin rufin asiri da mutunta juna. Ita kaɗai ce ba ya yi wa gyara, domin tun a makon farko ta shaida masa cewa nan gida ne ba aji ba. Allah ya albarkace su da 'ya'ya bakwai, biyu suka rasu suna ƙanana.

Ƙarin Karatu da Rubuta Waƙoƙin Mahaifinsa

A 1983 ya samu damar komawa karatu domin ƙwarewa a fannin Hausa. Da shekarar ƙarshe ta zo aka buƙaci kowane ɗalibi ya gabatar da kundin bincike, sai ya zaɓi waƙoƙin noman mahaifinsa. A ranin 1986 ya yi sati shida a Toranke, kullum da hantsi yana zaune da tsohon a zaure, tsohon yana rerawa shi yana rubutawa, har suka tara waƙa arba'in da huɗu.

A nan ne ya tafka kuskuren da ya yi nadamarsa har ƙarshen ransa. Malam Da'u ya sani sarai cewa mawaƙa suna karya dokar nahawu, su gutsure kalma ko su ja ta domin karin waƙa ya zauna daidai, domin ya karanta hakan a kwaleji, ya kuma koyar da shi. Amma a ganinsa wannan dama ce ta malamai masu alƙalami, waɗanda suka san dokar kafin su karya ta. Mahaifinsa kuwa ko sunansa bai iya rubutawa ba, don haka ya ɗauka duk abin da ya karya jahilci ne, kuma yana jin nauyin malamansa su gani. Sai ya zama yana rubutawa yana gyarawa a lokaci guda. Inda tsohon ya ce, “Sunku mu tai, ran tai sama, gero na kira,” sai alƙalami ya rubuta, “Ku sunkuya mu tafi, rana ta yi sama, gero yana kiranmu.” Haka ya bi baiti ɗaya bayan ɗaya, bai bar wata takarda mai ɗauke da asalin lafazin ba.

Da aka buga kundin da keken rubutu aka yi masa bango, ya kawo shi gida cike da alfahari ya karanta wa mahaifinsa waƙa uku. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Da'u, Hausarka ta yi kyau, amma ta masu kujera ce. Wanda yake duƙe, kafin ya gama faɗin wannan ai an bar shi a baya.” Malam Da'u ya yi dariya, ya ɗauka irin zolayar tsofaffi ce. Kundin ya samu yabo mai yawa, Ɗanladi Mai Ganga kuma ya rasu a 1991, a lokacin da garmar shanu da noman ƙwadago suka fara ture gayya, kafin maganin feshi ya zo ya ƙarasa ta.

Ritaya da Gayyar Shekarar 2010

Ya ajiye aiki a 2009 bayan shekara talatin da biyar, ya koma Toranke da iyalinsa. A damina ta gaba limamin unguwarsu ya kwanta rashin lafiya ciyawa ta cinye gonarsa, sai matasa suka yi shawarar kiran gayya irin ta da. Suka samo ganga da mai bugawa, suka zo wurin Malam Da'u ya ba su waƙoƙin mahaifinsa daga kundi suka hardace. Aka kuma gayyato Usaini daga Kademi, wanda ya yi wa Ɗanladi amshi shekara ashirin, domin ya sa albarka.

Ba a yi nisa da farawa ba aikin ya dagule. Ganga tana gaba, waƙa tana baya, wannan ya sara wancan yana ɗagawa, mai waƙar kuma numfashi yana yanke masa a tsakiyar baiti. A ƙarshe aka ajiye ganga aka ƙarasa noman shiru. Usaini, wanda yake zaune a gindin ɗorawa, ya dubi Malam Da'u ya ce, “Malam, wa ya ba yaran nan wannan? Maganar dai ta Ɗanladi ce, amma wallahi ba waƙarsa ba ce.” Malam Da'u ya faɗa wa iyalinsa daga baya cewa bai taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. A ranar ya fahimci cewa kowace kalmar da mahaifinsa ya datse, ya datse ta ne daidai inda fartanya take cin ƙasa mutum ya fitar da numfashi, kuma shi da hannunsa ya shafe wannan duka, ga mai waƙar ya shekara goma sha tara a kabari.

Shekarun Neman Abin da Ya Ɓata

Daga wannan shekara ya ɗaura niyyar mayar da waƙoƙin yadda aka rera su. Ya fara zuwa Kademi wurin Usaini da littafi da biro, amma suka yi zama uku a kan tabarma tsohon bai iya tuno komai ba sai amshi. A zuwa na huɗu ya tarar da shi a bayan gida yana nome 'yar gonar kuɓewa, yana rera waƙa guda daga farko har ƙarshe ba tare da ya san yana yi ba. Da ya miƙe tsaye aka ce ya maimaita, sai ta gudu. Tun daga ranar ya zama ba a aikin sai a gona, tsohon a duƙe da fartanya, Malam Da'u yana biye da shi yana rubutu. Sun gwada da rani bai yiwu ba, Usaini ya ce busasshiyar ƙasa ba ta amsa sara, saboda haka watannin noman firi da maimai, wato noman farko da na biyu, kawai suke da su a kowace shekara.

Bai tsaya nan ba. Domin kada alƙalami ya sake yaudararsa, duk baitin da ya rubuta sai ya ɗauki fartanya da kansa ya gwada shi a gonar gadonsu. Idan numfashinsa ya kai ƙarshen baiti tare da sara, ya yarda da shi, idan bai kai ba ya koma ya sake tambaya. Haka mutumin da ya guje wa gona yana yaro ya dawo mata yana da shekara hamsin da bakwai, hannuwansa suka yi bororo suka fashe har suka yi kanta. Mutanen gari suka samu abin zolaya, ana cewa Jan Biro ya koma ajin farko, shi kuwa yakan amsa cewa gara su yi dariya, domin malamin wannan ajin, wato mahaifinsa, ya gaya masa gaskiya tun 1986 bai ji ba.

Usaini ya rasu a 2016 bayan sun dawo da waƙa ashirin da biyu. Aka nuna wa Malam Da'u wani dattijo mai suna Datti a wani ƙauye kusa da Gaya, wanda ya yi tashe a gayya da ƙuruciyarsa, suka ƙara bakwai a damina uku kafin shi ma ya rasu a 2019. Bayan wannan ya zaga ƙauyukan Ajingi da Gaya damina biyu a jere bai samu wanda ya riƙe ko baiti ɗaya ba. Waƙa goma sha biyar suka rage.

Babban ɗansa, Muhammad Bashir, ganin yadda abin yake cin ran mahaifinsa, ya ba shi shawarar ya ƙarasa su da kansa, tunda yanzu babu wanda ya kai shi sanin inda Ɗanladi yake datse kalma, kuma babu mai rai da zai iya bambancewa. Gaskiya ne zai iya, domin an ga ya rubuta guda ya gwada ta a gona ta kuma zauna daidai da sara. Amma da ya dawo gida ya yage takardar, ya ce wa ɗan nasa, “Na riga na sa wa Baba magana a baki sau ɗaya. Ba zan je in same shi da na biyu ba.”

Rasuwarsa

Lafiyarsa ta fara raguwa a farkon 2022, ciwon baya da hawan jini suka hana shi zuwa gona. Allah ya yi masa rasuwa a gidansa na Toranke ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara sittin da tara. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar garin inda mahaifinsa yake, tare da halartar ɗimbin tsofaffin ɗalibansa daga Ajingi da Gaya da Kademi.

Ya rasu ya bar matarsa Adama da 'ya'ya biyar: Muhammad Bashir, malamin gona a Ajingi, Ruƙayyatu, malamar asibiti a Gaya, Muzammil, manomi a Toranke, Ummu Salma, da ke aure a Kano, da Muhsina, wadda ta gaje shi a koyar da Hausa, sai jikoki goma sha bakwai. Ya kuma bar littafin waƙoƙin mahaifinsa a hannun Muhsina. Ashirin da tara suna nan da datsattsun kalmominsu yadda aka rera su a gona. Sauran goma sha biyar suna cikin Hausa tsantsa wadda ba kuskure ko ɗaya, ba kuma wanda ya iya rera su, kuma a ƙarƙashin kowace ya rubuta da hannunsa: “Wannan Hausar Da'u ce, ba ta Ɗanladi ba. Allah ya yafe mini.”

Allah ya amsa masa, ya haɗa shi da mahaifinsa a gidan rahama.