Baturiyar da Ta Yi Mini Wankan Jego

Ni mutum ce mai mantuwa, wannan kowa ya shaide ni. Na sha barin lema a jirgin ƙasa, na sha barin tukunya a kan wuta har ta ƙone. Amma akwai abin da ko tsufa ya kwashe mini komai ba zai kwashe shi ba, wato jegon da na yi na 'yata ta fari a Bronx, can ƙasar waje, da mutanen da suka tsaya mini a kansa.

Lokacin muna zaune a unguwar University Heights, a hawa na huɗu na wani bene. Maigidana yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ni kuma ban daɗe da zuwa daga Kano ba, ga ciki. Tun cikin yana ƙarami muka tsara cewa Umma za ta zo ta yi mini wanka. Ta surfa gero, ta daka yaji, har akwati ta sayo sabo. Sai aka hana ta biza. Ranar da ta gaya mini ita ce ke rarrashina, amma ƙanwata ta tsegunta mini cewa abinci ma ta daina ci sosai.

Ɗakin da ke kallon namu kuwa na wasu tsofaffin Turawa ne, mata da miji, 'yan Mormon. Sun baro gidansu da gonarsu a wata jiha mai duwatsu can yamma, cocinsu ya turo su hidima ta shekara ɗaya da rabi, kuma su suke ciyar da kansu. Kowannensu da ɗan baƙin allo maƙale a ƙirji, nasa an rubuta Elda, nata Sista, mu ma haka muke kiransu. Da hantsi su tafi inda ake raba wa mabuƙata abinci, da yamma su koya wa baƙi Turanci, wani lokaci su raka mai neman aiki. Ban taɓa ganin ɗaya ba tare da ɗaya ba, ko shara tare suke saukar da ita. Da na tambaya, Sista ta ce ƙa'idar aikinsu ce, inda ɗaya yake nan ɗaya yake. Na kalli maigidana, ya ce kada ma in sa rai.

Ranar da suka fara shigo mana na zage na haɗa shayi mai kauri da madara, sai suka ba ni haƙuri, wai addininsu ya hana su shayi da kofi, balle giya da taba. Bayan sun fita maigidana ya yi ta dariya, yana cewa waɗannan ai sun fi mu ustazanci. Sau ɗaya suka gayyace mu cocinsu, muka ce mu Musulmi ne, suka ce madalla, ba su sake tayar da zancen ba.

Na haihu lafiya, aka yi suna, matanmu na unguwar Concourse Village suka cika mana gida da abinci da hayaniya. Washegari kowa ya kama gabansa, don a garin nan babu mai zaman banza, wannan tana kula da tsofaffi, waccan tana shago. Hutun maigidana ya ƙare. Na wayi gari ni kaɗai, jikina duk ciwo, yarinya tana kuka, ina tsoron in sa ta a ruwa ta suɓuce mini. Na zauna a bakin gado na taya ta kukan, ban taɓa jin kewar uwa irin ta ranar ba.

A haka Sista ta ƙwanƙwasa, riƙe da burodin da ta gasa. Kallo ɗaya ta yi mini ta ajiye farantin. Na yi mata bayanin wankan jego, ruwan zafi da ganye, da kunun kanwa, da gasa jikin jariri, har kwana arba'in. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ta haifi shida, ta yi wa jikoki wanka ba adadi. «Abin da ban sani ba ki koya mini,» in ji ta, «hannu dai ina da shi.»

Umma kuwa da na gaya mata, sai da ta yi salati. Baturiya, kuma mai wa'azin coci, ita ce za ta riƙe mata jika a cikin ruwa? Ta ce ta ji labarin yadda suke yayyafa wa jarirai ruwa su mayar da su nasu. Na yi rantsuwa, na yi magiya, da ƙyar ta yarda bisa sharaɗi. Za a jingina waya ta riƙa kallon komai ta bidiyo, ni zan yi bismilla da bakina, kuma ranar da ta ga abin da bai yi mata ba, a tsaya. Na ce to, ina sane cewa idan aka tsaya ba ni da kowa.

Da safe na buɗe ƙofa sai ga Sista da tawul, ga Elda a bayanta yana murmushi, zai shigo. Kunya ta kama ni, amma na daure na ce a wurinmu namiji ba ya shiga ɗakin matar aure idan mijinta ba ya nan, balle ɗakin mai jego. Suka kalli juna. Ita ba za ta rabu da shi ba, shi ba zai shiga ba. Tsohon nan ya koma ɗakinsu, ya fito da kujera mai naɗewa, ya kafa ta a korido daidai ƙofarmu, ya zauna. Ya ce a nan ma ai suna tare, tunda idan ta kira zai ji.

To, zaman banza ba ya cikin jininsa. Wani direban tasi ɗan Ghana ya gan shi da sukundireba yana ɗaure ƙafar kujerarsa, washegari ya kawo masa fanka. Wata 'yar Nijar ta kawo injin markaɗe. Kafin mako ya zagayo koridonmu ya zama shagon gyara, kuma ko sisi ba ya karɓa. Mutanen benen suka sa masa suna mai jego, shi kuma da aka fassara masa sai ya riƙa amsawa da fara'a.

A ciki kuwa yaƙi ake yi. Gero da kanwa da busasshen ganyen darbejiya duk mun samo a shagon wata 'yar Ghana, ba su ne matsalar ba. Matsalar zafin ruwa ce. Safiyarmu ita ce azahar ɗin Kano, Umma tana idar da salla za ta zauna a gaban waya, ta ce ba ta ga tururi ba, a ƙara. Sista ta tsoma gwiwar hannunta ta ce likita ya ce kada ya wuce haka, ba za ta dafa 'yar mutane ba. Ni ce tafinta, saboda haka na riƙa gyara zance. Idan Umma ta ce wannan ruwan alwala ne, sai in ce wa Sista Umma tana yaba ƙoƙarinta. Idan Sista ta ce kanwar ta yi yawa, sai in ce wa Umma tana tambayar sirrin kunun. Allah ya yafe mini, amma wankan ya yi ta tafiya, jikina ya yi ta warwarewa. Kunun kuwa Elda ne ya fi kowa sha, bayan ya tabbatar babu ganyen shayi a ciki.

Wata rana Umma ta ce ɗakin mai jego ba ya zama babu turaren wuta. Muka kunna, Sista ta zuba da yawa don ta burge ta. Nan take ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki kururuwa, yarinya ta ɗauka, ni ma na rikice. Sista ta wangale ƙofa. Elda ya zabura a guje, amma yana isowa bakin ƙofar ya ja birki, yatsun takalminsa a daidai dokin ƙofa. Ya juya fuskarsa gefe, ya miƙo sandar goge-goge, yana gaya wa matarsa inda za ta danna. Duk Umma tana gani. Da ƙararrawar ta tsaya sai na ji ta ce, «Wannan tsoho yana da kunya.» Daga ranar ta fara cewa a gaishe shi, amma wayar tana nan a jingine.

Saura kaɗan mu yi arba'in, Sista tana yi wa yarinya wanka wayarta ta yi ƙara, ta ce in ɗauka mata. Sai ga wata matashiya a bidiyo, a kan gado, rungume da jariri ja jawur. Autar Sista ce. Ashe ta haihu tun makon da ya wuce, haihuwar fari, kuma ko da wasa Sista ba ta gaya mini ba. Na tambaye ta ko an hana su tafiya ne. Ta ce a'a, an ba su izinin zuwa su dawo, ita ce ta ce sai ta cika mini arba'in ɗina.

Umma ta ga fuskata ta canza, ta tambayi abin da ya faru. Wannan karon ban gyara ko kalma ɗaya ba. Sai ta ce, «Tambaye ta, wa yake yi wa tata 'yar wanka?»

Sista ta naɗe yarinya a tawul, ta matso kusa da wayar. «Maƙwabta,» ta ce. «Kamar yadda nake yi wa taki.»

Umma ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Da ta buɗe ta ce in gaya wa 'yar'uwarta Sista ta yafe sauran kwanakin, ta tafi wurin 'yarta. Sista ta girgiza kai, ta ce abin da aka fara tare a gama shi. Sai Umma ta ce, «To daga gobe ba sai an jingina wayar ba. Ki bar ta da jikarta.»

Ranar arba'in aka naɗe kujerar Elda, mutanen benen suna ta kukan rashin mai gyara. Umma ta aiko da atamfa turmi biyu ta hannun wani mai dawowa, ɗaya na Sista, ɗaya na autarta, kamar yadda ake yi wa wadda ta yi wankan jego. Ni kuma na ɗaure mata gero da kanwa a cikin jaka. Bayan sun isa wurin autarsu Sista ta turo mini hoto, tana tsaye a kicin da ɗaurin zani a karkace tana dama kunu, Elda yana zaune a kujera a bakin ƙofar ɗakin 'yarsa, wai shi ma ya koyi al'ada. Da na tura wa Umma hoton ta yi dariya har da tari, ta ce kunun ya yi ruwa, a ƙara gari.

Yanzu yarinyar tana makaranta, ina yi mata Hausa tana amsa mini da Turanci, kuma ta san tana da kaka a Kano da kaka a cikin duwatsu. Su suna kan addininsu, mu muna kan namu, babu wanda ya ja wani. Abin da jegon nan ya koya mini shi ne, idan uwa ta kasa isa wurin 'yarta, Allah yana iya ajiye wa 'yar wata uwar a ƙofar da ke kallon tata, kuma ba lallai ta zo da kama ko yaren da ake tsammani ba. Shi ya sa duk lokacin da na ji kukan sabon jariri a benenmu, ba na tambayar 'yan ina ne, gero nake jiƙawa in je in ƙwanƙwasa.