Hannun Gimbiya, Hannun Ƙanwata

A jeren kwanukan Inna, a gidanmu na Gummi, akwai wani tire da ba a taɓa ɗora abinci a kansa ba. Ina 'yar firamare ta saye shi a wajen wani mai kayan koli da ya rantse mata daga ƙasar Turawa aka zo da shi. Hoton amarya da ango ne a jiki. Angon, Allah na tuba, ban taɓa kula shi ba. Amaryar ce ta tafi da ni: doguwa, ta ɗan sunkuyar da kai tana kallon mutum ta ƙasan ido, ta ɗaga hannu ɗaya kamar tana gaishe da duk wanda ya shigo ɗakin Inna. Inna ta ce gimbiya ce, matar ɗan sarauniya. In an aike ni ɗauko ludayi sai an biyo ni da tsawa, don ina can tsaye ni ma ina ɗaga mata hannu.

Sai da na shiga makarantar koyon aikin lafiya na san ko wace ce. Wata malamarmu ta zo aji da mujalla, aka yi ta miƙa wa juna. Ga gimbiyar tiren Inna a zaune kusa da wani mai ƙanjamau, a zamanin da ko kofinsu mutane ba sa son taɓawa, ta riƙe hannunsa, ba safar hannu ba komai. A wani shafin kuma kutare ne take dafawa. Na daɗe ina kallo har wadda ke bayana ta fizge mujallar. Tun ranar na ƙudurta ni ma haka zan yi aikina.

Da aka tura ni Anka kuwa na cika alkawari. In dai ba jini ko miki zan taɓa ba, sai in tuɓe safar in kama hannun mara lafiya mu gaisa. Abokan aiki suka sa mini Gimbiyar Gummi, wai su tsiya. Na ce su yi ta yi, hassada ga mai rabo taki ce. Amma kada wani ya ɗauka ni mai sanyin hali ce. Inna ta sha faɗa cewa ranar rabon haƙuri barci ya kwashe ni. Hannuna yana da taushi, bakina kuwa sai dai a yi addu'a.

Da damina labarin mutuwar gimbiyar ya same mu, gero ya fitar da kai, na je gida hutu. Rediyo ta ce mota ce ta yi hatsari da ita, masu ɗaukar hoto suna biye. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo baiwar Allah! To ɗiyanta biyu hwa, wa za shi riƙa su?" Ta sauko da tiren ta goge da bakin zane ta mayar. Ni na shige ɗaki na yi kuka na gaske. Ƙanwata, autarmu, lokacin ba ta fi shekara goma sha biyu ba, ta leƙo tana dariya, wai Yaya na kukan Baturiya.

Autar nan ita Inna ta ba tiren, ranar da aka kai ta Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, gidan wani manomi mai kirki. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, don ni na ci burin gadon tiren. Amma wa zai yi faɗa da ita? Yarinya ce da ko kaza ba ta iya kora da ƙarfi. Da ta haifi 'yarta ta fari sai ta ɗauki kunyar ɗan fari ta yafa har ka. Ba ta faɗin sunan yarinyar, sai dai "waccan." Ba ta ɗaukarta gaban manya, ba ta yi mata wasa, ko nono ma sai ta juya baya. Ni kuwa abin ya tsone mini ido. Na ce mata ga gimbiya can tana rungume 'ya'yanta gaban duniya, ke kina nan kina wa 'yar cikinki kallon baƙuwa. Ta ce, "Yaya, ita gimbiya ta. Ni ɗiyar Inna ce."

Wata rana na zagaya bayan rumbu sai na tarar da ita ta ɗora yarinyar a cinya, tana hura mata iska a ciki, yarinyar na ƙyalƙyala dariya, ita ma tana yi. Tana ganina ta yi wuf ta dire ta, kamar na kama ta da satar nama a tukunya. Na juya na bar wajen, kuma wannan na cikin 'yan lokutan da bakina ya yi mini biyayya.

Sai zinari ya ɓulla a yankin. Baƙi suka cika ƙauyuka, manoma suka koma haƙa, ana kawo dutse gida buhu-buhu. Mata su daka shi a turmi, su tankaɗe, su shanya a tsakar gida kafin maza su kai wanki. Turmin da aka daka dutse da safe shi za a ɗauraye a daka fura da rana. Da na kai musu ziyara na ga sabon kwano a kan ɗaki, ga babur a zaure, na yi musu murna. Ina shiga tsakar gida na hango tiren a ƙasa, an shanya garin dutse a kai. Yashi ya cinye fuskar gimbiya, ya cinye angon, saura hannun nan da ta ɗaga. Yarinyar, lokacin ta kusa shekara uku, tana tsugune tana share garin da yatsa don ta ga hannun, tana mayar da yatsan baki.

Na yi faɗa ranar har maƙwabta suka leƙo. A kan tire na yi faɗan. Ni ma'aikaciyar lafiya, mai takarda, na tsaya a kan yarinya tana lasar abin da zai kashe ta, ina masifar an ɓata hoto. Ban sani ba, wallahi ban sani ba, kuma ba wanda ya sani a lokacin. Na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga, bai taɓa sa na ji sauƙi ba.

Ba a daɗe ba yara suka fara faɗuwa a ƙauyukan. Amai, kuka ba dalili, sai jijjiga, sai a ce an rasa. Muka ce zazzaɓin sauro ne, muka yi allura. Muka ce sanƙarau ne, muka canza magani. Tsofaffi suka ce iska ce, aka yi hayaƙi aka sha rubutu. Yara dai na tafiya. Sai da wasu likitoci baƙi suka zo suka auna jini sannan aka ji sunan abin: dalma ce a cikin dutsen, ƙurarsa guba ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Aka keɓe ɗakin jinya a Anka, aka sa ni cikin masu yi wa iyaye mata bayani da Hausa, tunda an san ba a rasa ni da magana.

A nan aka kawo mini su, ƙanwata da yarinyar da mijinta. Yarinyar ta rame, wuya ya sanƙare, ido a buɗe amma ba ta ganin kowa. Likita ta sa in tambayi yadda suke ci da sha a gida. Mijin ne ya amsa, kansa a ƙasa. Ya ce yarinyar ba ta yarda ta ci tuwo sai a kan tiren mai hannu, don haka uwar kan ɗauraye shi ta zuba mata, ta riƙa ba ta a baki.

Ban san lokacin da na juya kan ƙanwata ba. Ɗaki cike da mata, kowace da nata a shimfiɗe, na ɗaga murya na ce, "Da hannunki kinka ba ta guba! Hannun ga da kike dakan dutse da shi, shi kike tura mata a baki! Kada ki kuskura ki sake taɓa ta sai kin wanke shi tas!" Tsoro ne ya yi maganar, ni na sani, amma da bakina ya yi ta. Ta dubi tafin hannunta, ta juya bayansa ta duba, ta fita wajen famfo.

Aka fara ba yarinyar magani, wani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da muke buɗewa mu gauraya da zuma. Ni nake ba ta, ni nake juya ta, ni nake goge mata baki. Uwar tana famfo. Sabulu ya ƙare ta nemi toka, toka ta gaza ta samo soso, ta bi ƙarƙashin farce da tsinke har ya yi jini. In ta dawo sai ta zauna a ƙarshen gado, ta ajiye hannuwan a cinya kamar kayan aro. Matan ɗakin suka yi ta yaba ta, wai ga 'yar mutunci, 'yarta na kwance rai a hannun Allah amma ba ta saki kunyar ɗan fari ba. Ni kaɗai na san ba kunya ba ce, don na ga abin da na gani a bayan rumbu.

Na janye ta gefe na ce ya isa haka, wanki ɗaya da sabulu ya wadatar, ni ce na yi rashin hankali. Ta ce to. Likitar da kanta ta lura, ta ce in faɗa mata ta ɗauki 'yarta ta rungume, jikinta ba zai cutar da ita ba. Da bakin nan nawa na fassara mata, kalma bayan kalma. Ta ce, "Na ji, Yaya. Akwai saura kaɗan ƙarƙashin akaihu, bari in ɗebe." Farce take nufi. Na kama hannun da ƙarfi zan ɗora a goshin yarinyar, ta fizge da wani irin ƙarfi da ban taɓa sanin tana da shi ba. Na roƙe ta, na zage ta, na haɗa ta da Allah, na yi mata kuka. Magana zarar bunu ce, na zare, kuma duk iya bakina na kasa mayarwa.

Rana ta biyar, bayan azahar, jijjigar ta dawo, ta ƙi tsayawa. Likitoci suka yi iyakar abin da za su yi, sannan suka ɗan ja baya, irin jan bayan da na sani. Na ce da wata mata ta ruga famfo ta kira uwar. Na tuɓe safar hannuna na ɗauki yarinyar na manna a ƙirji, kamar yadda na koya a mujalla. Ban san me na zaci hannun nawa zai yi ba. Na ji jikinta yana karkarwa, yana raguwa, har ya saki.

Sai ga uwar ta shigo da sauri, ta ɗaga hannuwa biyu sama kada su taɓa komai, ruwa na bin gwiwar hannunta yana ɗiga. Ta tsaya a gabana ta miƙo mini su. Ta ce, "Yaya, duba. Sun hita?"

Ta dubi fuskata, ta dubi abin da ke ƙirjina. Sannan ta kira sunan yarinyar, da ƙarfi, gaban manya da ƙanana, har sau uku. Ranar na fara jin sunan a bakinta.

Daga baya masu share guba suka kankare ƙasar gidansu, suka haɗa da turmin da tiren suka binne a wani rami bayan gari. Har yanzu nakan ci karo da gimbiyar a waya, ana ta tuna ta, ana cewa ta koya wa duniya kada a ƙyamaci mara lafiya. Gaskiya ne, ni ma shaida ce, ban kuma daina son ta ba. Sai dai ni abin da ya fi sauƙi na ɗauka a wajenta, tuɓe safa. Ban taɓa tambayar kaina me take ce wa mutanen da take riƙe wa hannu ba.

Ƙanwata ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta sake haihuwa, uku yanzu, duk suna raye. Hanya ta lalace da 'yan bindiga, sai jefi-jefi nake zuwa, amma duk zuwan da na yi sai abin ya faru. Jaririnta zai yi kuka, ta tashi za ta ɗauka, sai ta tsaya, ta juyo ta buɗe mini tafin hannunta. In ce mata sun fita, wallahi sun fita. Ta ce to, Yaya. Sannan ta bar shi yana kuka ta nufi wajen buta.