Malam Sammani, Mai Koya wa Ƙafa Tashi

Duk wanda ya bi ta filin ƙwallon Kambarawa da sassafe, muryar Malam Sammani yake fara ji kafin ya ga fuskarsa. Usur a wuya, tsofaffin tayoyi uku a jere, ga wani benci da ya girmi rabin 'yan wasan. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da motsa jiki, ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

A wurinsa tsalle iri-iri ne. Tsallen kwaɗo, in ji shi, horon masu makara ne, gwiwa kawai yake ci. Tsallake tayoyi na sa ƙafa sauri, dira kan benci na ƙarfafa cinya. Amma babu kamar langa, wasanmu na yarinta da ake riƙe ƙafa ɗaya a hannu, domin a nan ragguwar ƙafa ba ta da inda za ta ɓuya.

Mudassir shaida ne. Gola ne gajere, kuma ƙungiyarsa ta ba shi wata biyu: ko hannunsa ya riƙa kaiwa saman raga, ko a sallame shi. Ya zo wurin Malam jiki a sanyaye, Malam ya ce ya fara da langa.

"Langa kuma, Malam? Mi mutane za su ce, ni da gemu?"

"Gemun ne zai yi maka tsallen? Kama ƙafa!"

Haka 'yan acaɓa suka riƙa tsayawa suna sheƙa dariya, Malam ko a jikinsa.

Ranar gwaji aka narko ƙwallo kusurwar sama. Mudassir ya tashi kan ƙafar hagu, wadda a da ba ta da kataɓus, ya doke ta waje. Fili ya kaure da ihu! Malam kuwa, da gwiwarsa ta lalace tun yana saurayi, ya manta ya daka tsalle, ya dawo ƙasa daɓas yana dariya yana hawaye. Kwana uku ya yi yana ɗingishi, amma Mudassir na nan a raga har yau.

Kai ne gwanin da ba a buga wa tambari ba, Malam. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Malaman da ke tasowa, ku yi koyi da mutumin da ya ba ɗaruruwan yara ƙafar da shi kansa ya rasa.