Ranar Da Na Fassara Wa Yayan Mijina Waƙa

Yayan mijina direban tasi ne, kuma a duk 'yan Maraɗin da ke zaune a Sterling babu wanda ya kai shi son girma. Shi ya fara zuwa Amurka, shi ya jawo mijina, shi ya samo masa aikin lodin kaya a filin jirgi, saboda haka ko tari ya yi sai mijina ya ce gaskiya ne. Ni ma Yaya nake ce masa, ina durƙusawa in gaishe shi, amma Allah ya sani jinina bai taɓa haɗuwa da na mutumin nan ba, shi ma kuma bai ɓoye nasa ba. Laifina a wurinsa biyu ne: ni 'yar Kano ce, sannan da Turancina na zo tun daga gida. Su makarantar Faransanci suka yi, Turancinsu a titi suka tsince shi.

A shekarun nan ina aikin kula da tsofaffi a Alexandria. Ina idar da sallar asuba nake fita, mijina kuwa ya riga ni, don haka kai ɗana na fari makaranta ya faɗa hannun Yaya, tunda hanyarsa ce ta zuwa layin tasi. Yaron yana shekara bakwai. Na yi godiya a lokacin, har tuwo da miyar kuka na yi na kai gidansa.

Motar Yaya ba ta tafiya sai da kiɗa. Faya-fayai yake sayowa a wani shago a Wheaton, na samarin nan masu zuba magana da sauri a kan ganga, wai su ke hana shi gyangyaɗi. Gidan rediyo ma yakan datse munanan kalmomin, amma faifan Yaya babu abin da aka datse. Kada kuma wani ya ce bai san abin da ake faɗa ba. Ya sani sarai, don na sha jin sa yana lailayo irin kalmomin nan yana auna wa direban da ya sha gabansa a hanya. Amma da Hausa, ko "ubanka" yaro ya ce a gabansa sai ya yi salati ya fara zare bel. A wurinsa zagin Turanci ba zagi ba ne, hayaniyar titi ce kamar hon, haka kuma duk abokansa suka ɗauke shi.

Ba a daɗe ba yarona ya haddace faifan nan kaf, ya fi iya shi a kan ƙananan surorin da nake fama da shi a kansu. Duk Lahadi maza kan taru a falon Yaya su dafa shayi, mu mata muna kicin. Nan na fara jin Yaya yana kiran sa.

"Taho nan, Ba'amurke. Yi muna waƙar nan taka."

Sai yaro ya tsaya a tsakiyar falo, ya karkace kai, yana wurga hannu, yana zuba musu batsar da ko karuwan tasha sai sun sunkuyar da kai. Su kuwa manyan banza, masu furfura a gemu da tabon sallah a goshi, su yi ta ƙyaƙyata dariya har da buga cinya. Wani ya ce yaron nan ya fi su Turanci, wani ya miƙa masa biskit. Ni ina tsaye da ludayi a hannu, a duk gidan ni kaɗai abin yake shiga wa kunne da ma'anarsa.

Na yi wa mijina magana. Ya ce, "Yaya ne fa. Ni zan ce masa ya kashe kiɗan motarsa? Taimakonmu yake yi." Na yi wa matar Yaya magana, ta yi dariya ta ce yaro ne, bai san abin da yake faɗa ba, zai bari. Na zaunar da yaron da kansa na ja masa kunne. Ya dube ni da idanunsa tar, ya amsa mini da Turanci kamar yadda ya saba, wai ai Baba Babba yana so, kowa ma yana tafa masa. Me zan ce? Ni na hana, maza goma suna tafi. Na nemi a canza mini lokacin aiki don in riƙa kai shi da kaina, aka ce sai an samu mai karɓa ta, na yi ta jira.

Abin ya fashe ne wata Asabar a Islamiyyar masallaci. Malaminsu wani dattijo ne mutumin Kumasi, mai haƙuri, kuma shi Turanci ba baƙonsa ba ne. Ya ƙwace wata 'yar motar wasa daga hannun yarona don ya maida hankali ga karatu. Yaro ya miƙe a gaban 'yan aji da iyayen da suka zo ɗaukar 'ya'yansu, ya ɗura wa dattijon nan abin da ya haddace, har da uwarsa. Kafin la'asar babu gidan Bahaushe daga Sterling har Wheaton da labarin bai shiga ba. Na je da kaina na durƙusa wa malamin ina kuka. Ya ce ya yafe, ya ce in binciki inda yaron yake ji. Na ce masa na sani.

Washegari Lahadi aka taru a falon Yaya, amma ranar babu wanda ya ce a yi waƙa. Yaron yana kusa da ni a kicin, ya riƙe gefen zanena. Ƙofa a buɗe take, muna jin komai. Yaya ya gyara murya irin ta limamai.

"Yaron ga ya lalace," in ji shi. "Ya zubda muna mutunci gaban mutane. Kuma ba abin mamaki ba ne. Uwa ba ta zama gida, tana can tana wankin tsohhin Nasara, in ta komo kuma sai Turanci tsakaninta da ɗa. Na yanke shawara, in anka yi hutun lakwal, anka ruhe makarantu, za ya tahi Maraɗi wurin mahaihiyarmu Hajiya. Dama ɗan hwari ba na uwa ba ne, na kaka ne."

Na kasa kunne in ji abin da mijina zai ce. Ya ce, "To, Yaya."

Na san al'ada, ba a daji aka haife ni ba. Na san uwa ba ta nuna ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta tsaya masa a gaban surukai. Amma ni a ƙasar nan na haife shi, babu uwata babu uwar miji, ni na yi masa wanka, ni na goya shi, ni na kwana da shi a asibiti lokacin da asma ta tasar masa. Babu wanda ya zo ya karɓe shi don ya raba ni da kunya sa'ad da yake kashi a zane. Sai yanzu da ya tashi aka tuna na kaka ne. Na ɓamɓare hannunsa daga zanena, na ce wa matar Yaya ta fita da shi waje, na je na tsaya a bakin ƙofar falo.

"Yaya, ka yi haƙuri, ina da magana."

Mijina ya zaro mini ido. Ban ko kalle shi ba.

"A motarka ya koya. A falon nan kuka sa shi yana yi muku kuna dariya. Duk wanda ke zaune a nan ya tafa masa."

Yaya ya kurɓi shayinsa a hankali, ko a jikinsa. "Kiɗi ne kawai," in ji shi. "Mi ke cikin kiɗi?"

"To bari in faɗa maka abin da ke ciki."

Na faɗa musu. Da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, ban sakaya komai ba. Na faɗi abin da mawaƙin ya ce zai yi wa uwar abokin gabarsa. Na faɗi sunan dabbar da yake kiran mata da shi. Na ambaci gaɓoɓin da yake ambata da sunayensu na Hausa, waɗanda tun da nake ban taɓa furtawa ba ko a gaban mijina. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshen baitin da suka fi so, wanda suke cewa ya maimaita. A zatona idan suka ji abin a cikin harshen da iyayensu suka yi musu faɗa da shi, kunya za ta kama su.

Kunya ta kama su kuwa, amma ba irin wadda na zata ba. Wani dattijo ya toshe kunnuwa yana a'uziyya. Wani ya tashi ya nemi takalminsa. Mijina ya yi tsamo-tsamo kamar wanda aka tsamo daga kwata, yana ta cewa, "Ki shiga ciki, ki shiga ciki." Yaya kuwa ya ajiye kofinsa, na ga wani haske a fuskarsa, na gane nan take cewa na ba shi abin da yake nema.

"Kun ji da kunnuwanku," in ji shi. "Shekara da shekaru ina jin kiɗin ga, ban taɓa jin ƙazanta irin wagga ba sai yau, daga bakin matar ƙanena. Macen da ta iya hwaɗin wannan gaban manya, mi za ta koya ma ɗa?"

Babu wanda ya ce masa ai ba ita ta tsara waƙar ba. Duk suka gyaɗa kai, munafukai, har da wanda ya fi kowa buga cinya. Kafin sati ya zagayo labarin zagin malam ya mutu, nawa ya maye gurbinsa. Na zama matar nan 'yar Kano da ta yi batsa a gaban yayan mijinta. Mata suka daina kirana suna da biki, waɗanda suka kira kuma don su ƙare mini kallo ne.

Wata abokiyar aikina 'yar Accra ta ce mini a ƙasar nan babu mai fitar da yaro sai da yardar uwarsa, in tsaya da ƙafata. Na so in tsaya. Na sayi katin waya na kira mahaifiyata a Kano, ina zaton ko ita za ta goya mini baya. Ashe labari ya riga ni isa.

"A kan ɗan fari kike wannan rashin kunya?" in ji ta. "Ke ba a hannun kakarki kika tashi ba, me ya same ki? Ki ba su ɗansu. In kika kai surukanki gaban hukumar Turawa, kada ki ƙara kirana."

Ga ƙanwar yaron tana goye, ga ciki ina da shi, ga uwata ta rufe ƙofa. Da hutu ya zo na haɗa masa kaya da hannuna, har da maganin asmarsa. Yana ta tambayata da Turanci yaushe zan zo in ɗauke shi, ina cewa ba da daɗewa ba. Ƙannensa kuwa ban ƙara bari ko ɗaya ya shiga motar kowa ba. Na bar aikin Alexandria na koma rainon yaran maƙwabta a gida, inda zan riƙa jin duk abin da ke shiga kunnensu.

Aka ce shekara ɗaya zai yi. Ta wuce aka ce sai ya sauke, ya sauke aka ce Hajiya ta tsufa tana jin daɗinsa. Idan na kira, gaisuwa ce kawai, sai a karɓe wayar. Sai da Hajiya ta rasu aka dawo mini da shi, ya zama saurayi, muryarsa ta buɗe.

Muka je tarbarsa a filin jirgi da rana tsaka, ni da mijina da Yaya da abokansa biyu. Na hango shi ya fito cikin farar shadda da hula, ya fi ni tsawo. Na manta da kowa, na tafi da sauri na buɗe hannuwa. Yaron da ya tafi yana ce mini Mami, yana maƙale mini a wuya, sai ya ja da baya, ya durƙusa a kan tayil, idonsa a ƙasa.

"Ina wuni, Anti. Mun iske ku lahiya?"

Mazan suka haɗa baki suna masha Allah, suna cewa wannan ita ce tarbiyya. Yaya ya dafa kansa yana kallona. Na sauke hannuwana na amsa, tunda gaishe ni aka yi. Har yau Anti yake ce mini, kuma har yau ban yafe wa ko ɗaya daga cikinsu ba.