Ranar da Muka Sa Bala Ya Gyara wa Surukinsa

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da alli, akwai wata ranar Talata da ta ƙi fita daga raina, kuma ita nake ba sababbin malamai labari idan sun zo kama aiki a ajin manya.

Bayan na yi ritaya daga koyarwa a firamare, na samu aiki a wata cibiyar koyar da manya da ke aron azuzuwan wata makaranta a tsakanin Fagge da Sabon Gari. Muna shiga bayan La'asar, mu tashi kafin Magariba. Ni mataimakin malami ne, don takardata ta malanta irin ta da ce. Shugabarmu Madam Chinyere ce, haifaffiyar Sabon Gari, wadda in kana jin Hausarta daga bayan ƙofa ba za ka ce ba 'yar Fagge ba ce. Ita ke tsara darasi, ni in koyar, ita kuma takan shigo ta zauna a baya ta ga yadda ake yi.

Ɗalibanmu 'yan kasuwa ne da teloli da direbobi. Babba a cikinsu shi ne Alhaji Sabo, mai shagon atamfa a Kantin Kwari. Ranar da ya zo shiga na tambaye shi abin da ya kawo shi da furfurarsa. Ya ɗaga wayarsa ya ce, "Wannan ce, Malam Isa. Mutanen da nake saro kaya a wurinsu da Turanci suke rubuto mini. Kullum sai na miƙa wa wani ya karanta, ya rubuta amsa. Na gaji da kowa ya san cikina. Ina so in rubuta da hannuna kafin in mutu."

Ya zo da mutanen shagonsa, cikinsu har da Bala, magidanci mai ɗan gemu, wanda ya taɓa sakandare bai gama ba, yana so ya zauna jarrabawa. Bala ya fi kowa ganewa a ajin, amma kullum can baya yake zama kusa da ƙofa, kuma in Alhaji na magana kansa a ƙasa yake. Na ɗauka ladabin da ake yi wa maigida ne kawai.

A makon nan muna kan jimla da guntuwarta. Ga wanda bai san aikin ba, abin haka yake. Akwai gungun kalmomi marasa aikatau, kamar in the shop, shi littafi ke kira phrase. Akwai wanda ke da mai aiki da aikin da ya yi, shi ne clause, sai dai wani yana tsayawa da ƙafarsa, wani kuwa sai ya jingina da ɗan'uwansa. In ka ɗauki mai jingina ka ɗiga masa aya ka tafi, ka yi guntuwar jimla, ka bar mai karatu yana jiran saura. 'Yan kasuwa sun fi kowa yin wannan, don a shago haka ake magana, rabi da baki rabi da hannu.

Tsarin Madam shi ne mutum ɗaya ya fita ya rubuta a allo, a kira wani ya faɗa ko jimlar cikakkiya ce ko guntuwa. In guntuwa ce, sai ya ja layi a ƙarƙashinta da jan alli, ya cike ta, aji kuma ya tafa masa. Tsari ne mai kyau, ya taimaki mutane da yawa.

Ranar Talatar nan Alhaji ya ɗaga hannu da kansa. Ya fita a hankali, ya naɗe hannun riga, ya rubuta: When the goods reach Kano, wato in kaya suka iso Kano. Ya ɗiga aya babba, ya tsaya a gefen allo yana murmushi.

Madam ta duba aji daga baya ta ce, "Bala, zo ka gaya mana."

Bala ya miƙe kamar an ɗora masa dilar atamfa. Ya cire takalmi a wurin zamansa, ya zo ya durƙusa nesa da allo, ya ce, "Daidai ne, Madam."

"Daidai? Kai da ka gyara irinta jiya ba a ko tambaye ka ba? Sake dubawa."

"Daidai ne."

A nan ni na sa baki. Na ce, "Haba Bala, nan aji ne, ba shago ba. Karɓi alli." Na miƙa masa jan allin har cikin hannunsa.

Ya tashi, ya ja layin. Ya share ayar da ɗan yatsa, ya ƙara: I will call you, wato zan kira ka. Aji ya tafa kamar yadda aka saba. Alhaji ma ya tafa, ya ce, "Allah ya yi albarka," ya koma ya zauna. Muka ci gaba da darasi, ni ina ganin an yi aiki mai kyau.

Washegari babu Alhaji, babu Bala. Ranar Alhamis ma haka. Da aka tashi, sai Baba Rasaki, wani tsohon tela Bayarabe da ya girma a Fagge, sa'an Alhaji kuma abokin tsokanarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mana, "Ku malaman nan, kun yi ɓarna kuna tafi. Bala 'yar Alhaji yake aure, 'yar fari ma. Ko ruwa ba ya sha a gabansa. Shi kuka sa ya ja wa surukinsa jan layi a gaban mutanen Kwari."

Madam ta dafe kai. "Wayyo Allah. A garin nan aka haife ni, na san wannan. Me ya sa ba wanda ya faɗa mana?"

"Wa zai faɗa, Madam? Bala ne zai faɗa, ko Alhaji?"

Ranar Asabar da hantsi muka tafi Kwari, ni da ita. Muka tarar da Alhaji zaune a kan dila, wayarsa a hannun wani maƙwabcinsa yana karanta masa saƙo. Ya sa aka kawo mana ruwa. Madam ta fara ba da haƙuri, ya katse ta.

"Madam, wallahi ban yi fushi ba. Rubutuna ne bai cika ba, an cike shi. Amma na ga fuskar yaron. Shi jarrabawa ce a gabansa, kuma muddin ina ajin ba zai iya buɗe baki ba. Na bar masa wurin."

Na ce, "Alhaji, ai shi ma tun ranar bai zo ba."

Ya juyo ya kalle ni. Ya ce, "Ikon Allah. Kullum da La'asar yana fita, ni ina cewa makaranta ya tafi."

Muka sami Bala a sito yana jera kaya. Ya ce shi ma ya bar wa Baba, wato Alhaji, ajin ne, don Baba ya fi shi son karatun. Ya ce kafin ya isa gida ranar, labari ya riga shi, matarsa ta tare shi da tambayar ko gaskiya ne an yi wa babanta tafi.

Madam ta yanke shawara a tsaye. Bala zai koma ajinta na masu shirin jarrabawa, a ɗaya ɓangaren makarantar. Alhaji zai dawo nawa, kuma ba mai gyara masa sai sa'ansa. Dukansu suka ce to.

Alhaji ya dawo ranar Litinin, ya zauna kusa da Baba Rasaki. Baba Rasaki kam ba ya raga masa. Alhaji na ɗiga aya sai ka ji, "To, in kaya sun iso sai me, tsoho? Ka ajiye mu a tasha ka gudu." Alhaji ya ce, "Kai da ka ɗinka mini riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kai ne za ka yi maganar abin da bai cika ba?" Aji ya yi ta dariya, shi kuma ya koma ya cike jimlarsa. Kafin ƙarshen shekara yana rubuta saƙonsa da kansa, gajeru, amma ba wanda ke jiran saura.

Bala kuwa bai dawo ba. Ƙofar makarantar ɗaya ce, lokacin tashi ɗaya, kuma waɗanda suka tafa masa suna nan. Na aika masa, na je da kaina, kullum sai ya ce aiki ne ya yi yawa. Bai zauna jarrabawar a wurinmu ba, ban kuma ji ya zauna a wani wuri ba. Mun riƙe dattijo, mun rasa wanda ya fi kowa ganewa, kuma har yau abin yana damuna.

Abin da na koya shi ne, yaro yana shigowa aji shi kaɗai da jakarsa, babba kuwa yana shigowa da duk abin da ke tsakaninsa da mutane, kuma ba zai faɗa maka ba. Tun daga lokacin, ranar farko ta kowane zango ba na koyar da komai. Nakan ja tsofaffin ajin gefe in tambaye su wane ne surukin wa, wa ya reni wa, wa ba ya iya ɗaga ido a gaban wa. Turanci sai washegari.