Kwalaben Yaya Rabi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rabi a hatsarin mota tsakanin Damagaram da Magariya. Mutuwar na haƙura da ita, hukuncin Allah ne. Abin da aka yi wa kayanta ne har yau yake ci mini rai.

Rabi ta yi karatun ƙwayoyin cuta. Duk damina sai ta zo ƙauyenmu a yankin Dungas, ta tattare zane ta shiga tafkin da shanu ke sha, tana ɗibar ruwa a ƙananan kwalabe. Mutane na dariya, wai boko ya taɓa ta. Ni tela ne, ban yi nisa a karatun lakwal ba, amma ta zaunar da ni ta yi mini bayani da igiyar rama. Ta ce a ruwan nan akwai wani birus da ba ruwansa da mutum, bakteriya kaɗai yake kashewa, irin ƙwayar da ke ruɓar da miki. A cikin kansa an cusa wani zare mai suna ADN, sili biyu a murɗe kamar igiyar nan, kowane harafi na sili ɗaya riƙe da abokinsa na ɗayan. In ya sauka kan bakteriya sai ya tura mata zaren ta wutsiyarsa, ta koma ƙera 'ya'yansa har ta fashe. Wasunsu ma sukan sauya kamannin haruffansu don kada bakteriya ta gane zaren ta datse shi. Wannan dabarar take bincike.

Kwalaben da ta tace ta ware suna cikin firijin wani mai ruwan sanyi a Magariya, suna jiran ta koma da su Yamai, inda take bincikenta. Bayan sadakar uku, Kawu Ila, yayan mahaifiyarmu, ya sa aka kwaso su. Ya ga ruwa a 'yan kwalabe da rubutun da bai iya karantawa ba, ya ce asiri ne, shi ya ci ta. Na roƙe shi har da hawaye. Ya ce, "Rufe mana baki! Ka fi mu sanin duniya ne?" Aka haƙa rami a bayan danga, aka farfasa su, aka yi tofi, aka binne. Ba wanda ya ce a tambayi ko da malamin asibiti.

Da Rabi za ta leƙo yau, me za ta gani? Har yanzu kafso a kan tire ake sayensa ranar kasuwa, a ɓare shi a barbaɗa a miki, na mutum da na akuya. Ta sha faɗa cewa haka ƙwayar cuta ke koyon raina magani, aka ce surutun 'yan boko ne.

Bara fartanya ta sari Kawu a ƙafa a gonar gyaɗa. Ya yi ta barbaɗa kafso. Yanzu yana kwance a asibiti a Damagaram, likita ya ce ƙwayar ta daina jin duk maganin da suke da shi. Ba na cewa kwalaben nan da sun warkar da shi. Ita kanta ta ce da sauran tafiya. Amma farkon tafiyar ne aka binne, kuma haushinsa bai sake ni ba.

Abin da ya rage na Rabi shi ne bayanin nan da ke kaina, ni da ban iya komai da shi ba. Da na je dubiya, Kawu ya riƙe hannuna, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ɗan nan, ruwan nan na Rabi, ko kwalba ɗaya ba ta yi saura ba?"

Na ce, "Tafkin yana nan cike, Kawu. Wadda ta san abin ɗiba ce babu, abin da ta ɗebo kuma kai ka binne."

Inna, mahaifiyarmu, ta ce na yi rashin kunya. Ban janye ba. Ranar Litinin za a yanke ƙafar.